Bayan Mai Ciki da Hannun Mai Gyara



Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan wani ciwo da kowane gida ya san shi, amma ba kasafai ake ɗaukarsa a bakin ciwo ba, wato ciwon baya da ciwon ƙugu na mace mai juna biyu. Abin da ya taso da zancen shi ne hotunan bidiyon nan da ke yawo a wayoyi, inda za ka ga an kwantar da mutum a kan wani gado na musamman, wani ya ɗora masa tafin hannu a gadon baya ya danna, ka ji ƙas, mutumin ya yi ajiyar zuciya. A cikin waɗanda ake kwantarwa har da mata masu tsohon ciki. Sana'ar sunanta kayirofiraktik, wato gyaran ƙashin baya da hannu, kuma a Amurka aka ƙirƙiro ta. Masu yinta a can suna tallata wani nau'i mai sauƙi da suka ce don masu ciki aka tsara shi, babu murɗa babu ƙarfi. Matanmu sun gani, kuma duk wadda baya ya hana ta runtsawa dole ta tambayi kanta: ko ni ma in je a yi mini?

Kafin mu je ga mai gyara, bari mu fara da ciwon kansa, domin akwai masu ganin raki ne. A shekarar 2015, ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci daga ko'ina ta tace shi, ta fitar da nazari a kan wannan batu. Ta ce fiye da kashi biyu cikin uku na mata masu ciki suna fama da ciwon baya, kusan ɗaya cikin biyar kuma suna fama da ciwon ƙugu. Ka lissafa matan da ke zaune a layin awo ranar Litinin, cikin kowace uku biyu suna ɗauke da shi.

Dalilin kuwa a bayyane yake. Mahaifar da nauyinta bai wuce giram 70 ba kafin ciki, takan kai kusan kilo guda a watan haihuwa, ban da ɗan da ke ciki da ruwan da yake kwance a kai da mabiyiya. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara kilo 11 zuwa 16, kuma mafi yawan nauyin a gaba yake. Don kada ta kife, sai ƙasan bayanta ya lanƙwashe ciki, kafaɗu su ja baya, tsokar baya ta wuni a ɗaure. Tsokar ciki, wadda ita ce ke taya baya riƙe gangar jiki, ta miƙe ta yi sanyi. A daidai wannan lokaci kuma jiki na fitar da wasu sinadarai, ciki har da wani da ake kira rilaksin, masu sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu, don hanya ta buɗe ranar naƙuda. Mahaɗar ƙashi biyu da ke baya, dama da hagu, daidai saman ɗuwawu, da guda ɗaya da ke gaba a ƙasan mara, duk sai su yi sako-sako. Kamar gadon katako ne da ƙusoshinsa suka sassauta, aka kuma ƙara masa kaya. Wanda ya san wannan ya san irin wannan jiki lallaɓawa yake so. Wadda ta taɓa ciwon baya a da, da mai aikin ƙarfi, da wadda ta yi haihuwa da yawa, su suka fi shan wuya. A Arewa maso Yammacin Najeriya kuwa, ƙididdigar lafiya ta 2018 ta nuna mace kan haifi 'ya'ya sama da shida a rayuwarta.

Ku dubi yadda abin yake a cikin ɗaki. Ciki wata bakwai, dare ya raba, tana so ta juya daga dama zuwa hagu. Sai ta dafa katifa da gwiwar hannu, ta ciji leɓe, ta ɗaga ƙugu a hankali, wani abu ya soke ta a saman ɗuwawu ya gangara cinya. Da asuba in za ta saka ƙafa a siket, tsayuwa da ƙafa ɗaya ta gagara, sai ta dafa bango. Gari na wayewa ga shara da gajeriyar tsintsiya, ga wanki a duƙe, ga jan guga, ga na goye yana kuka sai an ɗauke shi. In ta yi ƙorafi, uwar miji ta ce, "Haba 'yar nan, mu ma haka muka yi, da shi muka yi daka da surfe." In cikin fari ne ma ba za ta faɗa ba, kunya ta rufe mata baki. Ranar awo ta daure ta ce, "Malama, wallahi bayana ya matsa mini." Malamar na da mata fiye da hamsin a waje suna jira, ta ce, "Ai ciki ne Hajiya, ki ƙara haƙuri, in kin sauka zai bari." Ta auna jini, ta rubuta kati, ta kira ta gaba.

Ba na zargin malamar, aiki ne ya yi mata yawa. Amma ina ganin nan ne gizo ke saƙar. Matar da aka sallama da haƙuri kaɗai, duk wanda ya tsaya ya saurare ta, ya ce nuna mini inda yake miki ciwo, to ya gama saye zuciyarta. Wannan shi ne sirrin kasuwar masu gyaran baya a Amurka, domin matan can ma sun daɗe ana ce musu ciki ne, a jira haihuwa.

Wanda ya kafa sana'ar sunansa Daniel David Palmer, haifaffen Kanada da ya zauna a garin Davenport na jihar Iowa. Ba likita ba ne. Ya yi koyarwa, ya yi tireda, sannan ya shiga warkarwa da abin da a wancan zamani ake kira maganaɗisun jiki. A watan Satumba na 1895 ya ce ya danna wani ƙashi a bayan wani mai sharar bene mai suna Harvey Lillard, wanda kunnensa ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya gina aƙidar cewa kashi 95 cikin ɗari na cututtukan ɗan Adam daga gocewar ƙashin baya suke, wai ƙashin ne ke danne jijiya ya tare hanyar lafiya. Ya buɗe makaranta a 1897, aka ɗaure shi a 1906 bisa laifin yin aikin likita babu lasisi, ɗansa B.J. Palmer ya karɓi ragama ya bunƙasa harkar. An yi shekaru ana dambarwa tsakaninsu da likitoci, sai a 1974 jiha ta ƙarshe, Louisiana, ta amince ta ba su lasisi.

Ilimin likitanci bai tabbatar da aƙidar Palmer ba. Jijiyar ji ma a cikin ƙoƙon kai take, ba ta bi ta gadon baya ba. Shi ya sa yau masu sana'ar suka rabu. Akwai waɗanda suka ajiye waccan da'awa suka tsaya a kan ciwon baya da wuya da gaɓoɓi, suna aiki kafaɗa da kafaɗa da likitoci. Akwai kuma waɗanda har gobe suke cewa gyaran baya na maganin komai, daga asma har kukan jarirai. Mai ciki na bukatar ta san a gaban wanne take kwance.

Yanzu mu leƙa ɗakin na kirki daga cikinsu, mu ga yadda yake karɓar mai ciki. Zai fara da tambaya: wata nawa, me likitan awo ya ce, akwai zubar jini, akwai hawan jini? Ba zai ɗauki hoton ƙashi ba saboda ɗan da ke ciki. Gadonsa na da wani sashe a tsakiya da ke sauka ƙasa, ko kuma a shimfiɗa matashi mai rami, yadda za ta kwanta rub da ciki ba tare da cikin ya matsu ba. Sau da yawa ma a gefe take kwanciya, da matashi tsakanin gwiwoyi. Ba ya barin ta daɗe a rigingine in ciki ya haura wata biyar, domin nauyin mahaifa kan danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, jiri ya ɗebe ta. Sai ya bi saman ɗuwawu da yatsu yana neman inda ya ƙage, ya murza tsokar da ta ɗaure, ya motsa mahaɗar a hankali, dannawa kaɗan saki kaɗan. Wasu suna amfani da wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ke bugun wurin bugu marar ƙarfi. A ƙarshe ya koya mata motsa jikin da za ta riƙa yi a gida, ya nuna mata yadda za ta tashi daga kwance.

Ƙarar nan kuwa da ke burge masu kallo, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba. Akwai ruwa mai yauƙi a cikin gaɓa, in aka buɗa gaɓar da sauri sai kumfar iska ta samu a cikinsa, ita ce ke yin ƙas. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta da ke Kanada sun ɗauki hoton abin yana faruwa a cikin yatsa da na'urar MRI. Don haka yawan ƙara ba ya nuna yawan waraka, kuma irin gyaran da ya dace da mai ciki galibi shiru ake yinsa.

To yana aiki? Amsar ita ce yana iya rage ciwo, gwargwado. A 2013 an wallafa wani gwaji da aka yi a birnin St. Louis na Amurka da mata 169 masu ciki tsakanin mako 24 zuwa 28. Aka raba su biyu. Kashi ɗaya awo kawai suke zuwa kamar kowa. Ɗaya kashin kuma, ban da awo, mai gyaran baya na yi musu aikin hannu, yana koya musu motsa jiki, yana yi musu bayanin ciwon. Da aka kai mako 33, waɗanda suka samu ƙarin kulawar sun fi samun sauƙi. Amma a lura, abu uku aka haɗa musu, babu mai iya cewa hannun ne kaɗai ya yi aikin. Nazarin Cochrane da na ambata ya duba gwaje-gwaje 34 da suka ƙunshi mata sama da dubu biyar, kuma abin da ya fi fitowa fili a ciki shi ne motsa jiki, shi ma hujjarsa ba ta kai ƙarfin da ake so ba. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin awon ciki a 2016, shawararta a kan ciwon baya da ƙugu ita ce motsa jiki a kai a kai tsawon goyon ciki, sannan a zaɓa tsakanin aikin likitan gashi, da ɗamarar tallafar ƙugu, da allurar nan ta mutanen Sin, gwargwadon abin da mace ta fi so da abin da ke akwai a garinsu. A ganina wannan ya isa mu ce hannu mai laushi a bayan mai ciki, in na masani ne, abu ne mai amfani, musamman idan ya zo da koyarwa. Iyakarsa ke nan: baya da ƙugu.

Inda na raba gari da masu gyaran baya shi ne inda hannu ya bar baya ya koma yin alkawari a kan ɗan da ke ciki. A ƙarshen shekarun 1970 wani mai gyaran baya a Amurka, Larry Webster, ya fito da wata dabara da har yau ake kira da sunansa. Ana daidaita ƙashin da ke ƙarshen baya, sannan a danna wata jijiya a ƙasan ciki a hankali. Aka yi ta yayata cewa dabarar na sa jaririn da ke zaune, kansa a sama ɗuwawu a ƙasa, ya juya da kansa. A 2002 an wallafa wani rahoto da ya ce an yi nasara da kashi 82 cikin ɗari. Amma yaya aka samo lissafin? Takardar tambayoyi aka aika wa masu yin dabarar, 'yan kaɗan daga cikinsu suka amsa, su ne suka ba da labarin nasarar kansu. Ba a ajiye wasu matan a gefe da ba a taɓa su ba don a kwatanta. Alhali sanannen abu ne cewa a mako 28 kusan jariri ɗaya cikin huɗu ko biyar a zaune yake, amma zuwa lokacin haihuwa uku ko huɗu ne kacal cikin ɗari suke nan a haka. Sauran duk sun juya ba tare da kowa ya sa hannu ba. Duk wanda ya taɓa ciki a wata na takwas, yaro ya juya a na tara, yana iya bugun ƙirji ya ce aikinsa ne.

Akwai juya jariri na gaskiya, amma a asibiti ake yi. Likitan mata ne ke yi daga mako 36 ko 37, bayan ya ɗauki hoton ciki ya ga inda mabiyiya take da yawan ruwa, yana sauraren bugun zuciyar yaron kafin da bayan aikin, ɗakin tiyata kuma na kusa. Kusan rabi ake dacewa. Kuma duk da wannan taka-tsantsan, a cikin mata 200 akan samu guda da dole a shiga da ita tiyata nan take, saboda mabiyiya na iya ɓantarewa ko igiyar cibiya ta matsu. In masanin da ke kallon cikin da na'ura yana shiri haka, ina ga mai murza ciki a ɗaki da man zafi? Duk wanda ya ce zai gyara miki kwanciyar ɗa a wajen asibiti, Bature ne ko ɗan gida, 'yar'uwa ki ɗaure zaninki ki tashi.

Haka nan murɗa wuya. Akwai jijiyoyin jini biyu da ke ratsa cikin ƙasusuwan wuya su kai jini ƙwaƙwalwa. An samu rahotannin mutanen da bangon jijiyar ya tsage bayan an fizge musu wuya, jini ya daskare, shanyewar ɓarin jiki ta biyo baya. Abu ne da ba kasafai yake faruwa ba, amma jinin mai ciki da na mai jego ya fi saurin daskarewa, jijiyoyinta kuma a sake suke. Wadda ƙugu ke damu, me ya kai hannu wuyanta?

Masu sauraro, abin da ya fi tayar mini da hankali ma bai shafi hannun mai gyara ba. Wani ciwon bayan saƙo ne daga wani wuri, kuma tausa na iya cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanyar asibiti. Ciwon bayan da ke zuwa yana tafiya, yana zuwa yana tafiya, ciki na ɗaurewa, alhali wata tara bai cika ba, wannan naƙuda ce ke ƙwanƙwasa ƙofa, bakwaini na tafe. Ciwo a kwiɓi ƙarƙashin haƙarƙari tare da zazzaɓi da rawar ɗari da zafin fitsari, ƙwayar cuta ce ta hau ƙoda. Ciwon baya mai tsanani da ciki ya yi tauri, ko da jini ya fito ko bai fito ba, ana tsoron mabiyiya ce ta saki. In faya ta fashe, ko motsin yaro ya ragu, ko ga ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi da kumburin fuska, wanda shi ne kan gabaci jijjiga, babu zancen jira sai gobe. In ƙafa ta mutu, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ta sani ba, jijiyoyin ƙarshen baya ne suka matsu, kuma sa'o'i ake ƙirgawa. Ƙafa ɗaya da ta kumbura tana zafi, kada a kuskura a murza ta, gudan jini ne ake zargi, in ya ɓalle huhu zai nufa. Mai sikila kuwa, ciwon ƙashinta da ciki na asibiti ne kai tsaye.

Ina nanata wannan ne saboda inda muke. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar na shekarar 2023 ya nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya, a Najeriya suke. Matar Amurka da ke zuwa wurin mai gyaran baya ta riga ta je awo, an yi mata hoto, an san jininta. Tamu kuma wata sai ciki ya yi wata bakwai take karɓar kati, alhali shawarar hukumar ita ce a fara cikin mako 12 na farko, a kuma ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas. Saboda haka ƙofar farko ga mai ciwon baya ita ce ɗakin awo, a auna jini, a duba fitsari, a tabbatar ciwon na ƙashi da tsoka ne.

In an tabbatar, sai wa? Masu sana'ar gyaran baya da suka yi karatunta na gaskiya 'yan ƙalilan ne a Najeriya. A Amurka shekara huɗu ake yi ana koyonta bayan karatun jami'a na farko. A Afirka ta Kudu ana koyar da ita a jami'o'i biyu, a Durban da Johannesburg. A Birtaniya, dokar da aka yi a 1994 ta haramta wa mutum kiran kansa da sunan sana'ar in ba shi da rajista. A Najeriya ma akwai hukumar MRTB, da aka kafa a 1988, mai yi wa likitocin gashi da masu irin wannan aiki rajista. Wanda ya kalli bidiyo ya sayi gado ya kafa allo, ba ya cikinsu. Babu rashin kunya a ce, "Malam, ina ka yi karatu, ina shaidar rajistarka?" Maigida ma shi ya fi cancanta ya yi tambayar. Na kirki zai nuna, zai nemi ganin katin awo, kuma ba zai ce a biya kuɗin zuwa ashirin a dunƙule ba. In an yi 'yan makonni babu canji, zai ce a koma wurin likita.

Wani zai ce ai muna da maɗora. Muna da su, gadon gidansu ne, kuma jama'a sun yarda da su tun kafin a gina asibitin ƙashi na Dala. Sai dai aikin maɗori karaya ne da targaɗe da gocewar ƙashi, aikin ja da matsa da ɗauri. Bayan mai ciki bai karye ba, bai goce ba, sassautawa ya yi, kuma ja ba abin da zai ƙara masa sai sassauci. Taka baya da ƙafa da ake sa yara su yi wa manya, shi ma a ɗage shi sai jiki ya gama haɗuwa bayan haihuwa.

Wanda ya fi kusa da mu, kuma da yawa ba su san da shi ba, shi ne likitan gashi. Ana tsammani aikinsa sai mai shanyewar ɓarin jiki ko wanda aka cire wa filasta. A'a, ciwon bayan mai ciki na cikin abin da ya karanta. Jami'ar Bayero ta daɗe tana yaye su, akwai mata da yawa a cikinsu, abin da zai kwantar wa mace da mijinta hankali. Akwai sashensu a asibitin Malam Aminu Kano, da na Dala, da asibitin koyarwa na Shika a Zariya, da na Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi. A Nijar su ne ake ce wa kine. Duk abin da na kwatanta a ɗakin Ba'amurken nan, motsa gaɓa a hankali, sassauta tsoka, ɗamarar ƙugu, koyar da motsa jiki, suna yi. Kirana ga malaman awo shi ne, in mace ta ce bayanta, bayan haƙurin a haɗa mata da 'yar takarda zuwa sashen gashi.

Sai batun kemis, wanda shi ne ainihin inda mafi yawan matanmu ke kai ciwon bayansu. A aiki yaro da naira ɗari biyu a ce a haɗo na ciwon jiki. Abin da ke cikin ƙullin galibi su diclofenac ne da ibuprofen da piroxicam. A 2020 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daga mako 20 irin waɗannan na iya taɓa ƙodar ɗan tayi, ruwan da yake kwance a ciki ya ragu. Daga mako 30 kuma suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyarsa da bai kamata ta rufe ba sai ya fito duniya. Tramadol ma ba na mai ciki ba ne sai da hannun likita. Farasitamol shi ne aka fi aminta da shi, shi ma a tambayi adadi a wurin awo.

Mafi yawan sauƙin kuwa a tsakar gida yake, kuma ba ya cin ko sisi. A kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin ciki. Daga mako 28 ma bincike ya nuna fara barci a gefe ya fi aminci ga yaron kansa. In za a juya, a haɗe gwiwoyi a juya gaba ɗaya. In za a tashi, a fara sauko da ƙafafu, a tura jiki da hannu. A zauna a saka tufafi. A sa wa tsintsiya doguwar sanda, a ɗora bahon wanki a kan benci. Hawan babur a wawware a hanya mai gargada na tsananta ciwon ƙasan mara, in da hali a nemi A Daidaita Sahu. Tafiyar ƙafa da sanyin safiya ko yamma na taimakawa. A durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, a ɗaga tsakiyar baya sama a hankali, a sake shi, sau 'yan kaɗan safe da yamma. Tsumma da ruwa mai ɗumi a ƙasan baya, ba mai ƙuna ba, kuma ba a kan ciki ba. In tsayuwa ko ruku'u ya gagara, addini ya yi rangwame a yi salla a zaune.

Ana cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma guga da buhun hatsi da ɗaukar na goye, waɗannan maigida ne zai ce an sauke mata su, domin in ba daga bakinsa ya fito ba, ita ba za ta iya ajiyewa a gaban surukai ba. Kuma tafin hannunsa a ƙasan bayanta da dare, tana kwance a gefe, murzawa a hankali da ɗan man kaɗanya, ba ya bukatar lasisi.

Bayan an sauka lafiya, yawancin mata ciwon kan tafi cikin watanni biyu zuwa uku, yayin da jijiyoyin ke komawa su ɗaure. A wannan tsakani jikin bai gama haɗuwa ba, don haka ƙa'idar tana nan: ban da fizga, ban da murɗa wuya, ban da ɗaukar tukunyar ruwan wankan jego da kanta. Idan yaro ya yi wata uku uwar na nan tana dafa bango in za ta tashi, ko tana ɗingishi, ko fitsari na kufce mata in ta yi tari, kada a ce sabo ne na haihuwa. Ranar da aka kai yaro rigakafi, ta faɗa wa malamar, ta nemi a tura ta sashen gashi tun kafin wani cikin ya shiga.